Kafin Tsohuwa Ta Leƙo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa. Jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Hakimin ƙasarmu, Allah ya ja zamaninka. Masu girma dagatai da masu unguwanni. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Wakilan da suka taso daga Ƙauran Namoda, da Zurmi, da Shinkafi, sannunku da hanya. Arɗo Armiya'u da jama'arsa, barkanku da isowa. Sarkin Noman Rani, mai riƙe da makullin ƙofar dam, kawuna Sanda, ina gaisuwa da girmamawa. Injiniya Anisa, 'yar wannan ƙasa, sannu da ƙoƙari. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, waɗanda su ne suka fi kowa sanin nauyin jarka, ina gaishe ku. Sai kuma 'yan ga-ruwa da na hango tsaye a baya, abokan sana'ata ta farko: ku matso gaba, yau taron naku ne.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen damina lafiya, gero ya shiga rumbu, dawa tana kan hanya, dam ya cika har ruwa yana lasar bango. Ina gode wa mai girma Hakimi da ya kira wannan zama tun ruwa yana nan, bai bari sai ya ƙare ba. Ina kuma gode wa waɗanda suka ba ni damar magana, ko da yake, gaskiya, da ba a ba ni ba ma da na roƙa.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, sunana Nasidi. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa haka ba. Da garwa biyu a kafaɗa na fara neman abinci a cikin Ƙaura, daga nan na sayi kura, daga kura na hau tanka, yau ina da tankoki kuma ina da gidan bulo a gefen wannan dam. Ban gaji ko kwano daga kowa ba. Abin da kuka gani a hannuna, Allah ne ya ba ni ta hanyar ruwa. Saboda haka in ana maganar littafi zan zauna in saurara, amma in ana maganar ruwa ina da bakin magana, domin kafaɗata ta san shi tun kafin in yi gemu.

Magana ta farko ita ce ta Tsohuwa.

Baƙi za su yi mamaki, to bari in gaya musu. A tsakiyar dam ɗin nan akwai kututturen ƙirya. Itacen yana tsaye a bakin rafi tun kafin a tare ruwan, da aka zo aikin aka sare kansa aka bar gindinsa, ruwa ya rufe shi. Shi muke kira Tsohuwa. Iyayenmu da suka ga ginin dam suka yi wata doka wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, amma babu wanda bai san ta ba: in rani ya shiga, manoman lambu za su riƙa buɗe ƙofa suna ban ruwa, har ranar da kan Tsohuwa zai bayyana a saman ruwa. Ran da ta leƙo, mai shela zai zagaya gari, Sarkin Noman Rani zai sa makulli, abin da ya rage na sha ne, na mutum da dabba, har Allah ya kawo damina. A wannan ƙasa tamu, da rani, in mutum biyu suka haɗu a kasuwa, bayan an tambayi gida da iyali, abin da ake tambaya shi ne, Tsohuwa ta leƙo? Da wannan doka aka raine mu. Da ita aka yi noman albasa aka aurar da 'ya'ya, da ita aka shayar da garke, da ita famfunan garuruwanmu suka yi ta zuba shekara da shekaru. Ban zo nan in raina ta ba. Wanda ya ƙirƙiro ta mai hankali ne, Allah ya jiƙansa.

Magana ta biyu ita ce ta bara, kuma na san babu wanda ke son a tuna masa.

Bara an bi doka. Tsohuwa ta leƙo, aka yi shela, Kawu Sanda ya kulle ƙofa a gaban mutane. Amma bazara ba ta yi nisa ba sai famfo ya fara kawo ruwa ja, daga ja ya koma kamar kunun da aka dama da kauri, daga nan ya yi tari ya yi shiru. Kowa ya tuna yadda matanmu suka koma tonon yashin rafi, suna zaune a bakin rami suna jiran ruwa ya tsatso, a kwasa da ƙoƙo. Kowa ya tuna yaran da gudawa ta kwantar. Kuma mun ƙaru, jama'a, ba mu kaɗai ba ne kamar da. 'Yan'uwanmu da rashin zaman lafiya ya taso daga ƙauyukansu suna tare da mu, kuma hakkinsu ne su sha, domin wanda ya baro gidansa bai baro ƙishirwarsa a can ba.

Abin da ya rikita mu shi ne, in ka hau bango ka duba, ga ruwa nan shimfiɗe yana ƙyalli, Tsohuwa ko ƙirjinta bai gama fitowa ba. Ido yana cewa akwai ruwa, famfo yana cewa babu. Daga nan sai aka shiga neman mai laifi. Manoma suka ce shanu ne suka shiga suka dama ruwan. Makiyaya suka ce manoma ne ke buɗe ƙofa a ɓoye. Da aka je wa Arɗo Armiya'u da maganar, ya saurara har aka gama, sannan ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin saniya da tiyo ba, a tambayi masu tiyo. To, wa ke da tiyo a ƙasar nan? Sai kowa ya juyo kaina. Manomi da makiyayi, waɗanda ba su yarda da juna a kan komai ba, suka yarda a kan abu guda: Nasidi ne ya tsotse ruwan kirki ya bar musu laka. Har a wurin jana'iza na miƙa wa mutum hannu ya ba ni yatsu biyu. Kawuna da kansa, ƙanen mahaifiyata, ya aiko mini da cewa in na ƙoshi in bar wa talakawa sauran.

Ni kuwa mutum ne da ba ya iya haɗiye irin wannan. Na tashi na je har ofishin ruwa, na ce a ba ni wanda zai zo ya duba, in ni ne a faɗa a gaban jama'a. Aka haɗa ni da Injiniya Anisa. Ta zo, ta zagaya bango, ta duba bakin bututun da ke jan ruwa zuwa gari, sannan ta tambaye mu da me muke gane yawan ruwan da ya rage. Na nuna mata Tsohuwa, ina alfahari. Ta ce wannan yana nuna inda saman ruwa yake, to wa ke duba inda ƙasansa yake? Na ce ƙasa ai tana inda Allah ya ajiye ta. Ta ce a samo kwalekwale da doguwar gora.

Na ce ba za a yi wannan tafiya ba sai da Kawu Sanda, domin shi ne mai makulli, kuma shi ne ya aiko mini da magana. Ya zo, bai gaishe ni ba, ya shiga kwalekwale ya zauna ya ba ni baya. Muna tafe yana ba Injiniya labari, da ƙarfi don in ji, cewa lokacin samartakarsa a gindin Tsohuwa suke gasar nutso, mutum zai shige har kunnuwansa su yi zafi bai taɓo ƙasa ba, mutum biyu in suka hau kan juna ba za a ga hular na sama ba. Da muka isa, Injiniya ta ɗauko gora za ta zura, sai ya ce ta ajiye sandarta.

Ya ce, "Ɗiyata, mu da munka yi wanka nan tun ba a haifi uwayenku ba, ba mu bukatar gora."

Ya tuɓe babbar riga, ya ajiye hula, ya toshe hanci da yatsu, ya cika ƙirji da iska kamar mai shirin zuwa ƙasan duniya, ya faɗa.

Jama'a, ruwan a cibiyarsa ya tsaya.

Na ga wasu suna dariya, ku yi, shi ma mai abin na ga gemunsa yana motsi. Amma wallahi a ranar babu wanda ya yi dariya a cikin kwalekwalen nan. Dattijo yana tsaye a tsakiyar dam, hannunsa har yanzu a kan hanci, ƙafafunsa sun nutse a laka har gwiwa. Ya dubi Tsohuwa, ya dubi ruwan. Sai da ni da mai tuƙi muka kama shi muka ja, laka ta sake shi amma ta riƙe takalminsa guda, yana can har yanzu. Da ya zauna, ya goge fuska, abin da ya ce mini, kuma shi ne karo na farko da ya kira sunana a wannan bazarar, shi ne:

"Nasidi, an rufe Tsohuwa da ƙasa har ƙugu, muna tsaye muna kallonta."

Wannan ita ce gaskiyar magana. Tsohuwa ba ta yi mana ƙarya ba, tana nan inda aka bar ta, ba ta ƙara tsawo ba, ba ta rage ba. Ƙasan dam ne ya taso. Injiniya ta bi wurare da gorarta, kusan ko'ina labarin ɗaya ne. Ni yadda na fahimci abin, da irin karatuna, shi ne kamar randar da aka zuba wa yashi har rabi. Ka buɗe faifai ka leƙa, ka ga ruwa har baki, ka ce alhamdu lillahi, gidan nan ya wadata. Ka zura moɗa sau kaɗan sai ka ji tana kartar yashi. Muna ta leƙen bakin randa shekara da shekaru, babu wanda ya zura hannu.

Kuma daga ina ƙasar ta fito? Daga gonakinmu. Mun nome har bakin rafi, mun sare itatuwan da ke riƙe da gaɓa, kowace damina ruwa yana kwasar ƙasa mai kyau, wadda ta sha taki, yana kawowa nan yana ajiyewa. Manomi yana kukan gonarsa ta gaji, ashe ƙarfin gonar yana kwance a ƙarƙashin Tsohuwa. Ba saniyar Arɗo ba ce, ba ƙofar Kawu ba ce, kuma, ina so a ji wannan da kyau har a baya, ba tiyon Nasidi ba ne.

Magana ta uku ita ce abin da aka riga aka yi, don kada a ce mun zo da surutu kawai.

Tun ruwa yana ƙasa, kafin damina ta sauka, muka kafa dogon ƙarfe a gefen Tsohuwa, wanda ya fi ta tsawo, ga kansa can kuna hange. Bulo da siminti da ƙarfen duk daga wurina suka fito, ban jira kowa ba. Injiniya ta yi lissafinta, ta haɗa yawan mutanen da ke sha yanzu, da dabbobi, da abin da rana ke shanyewa da bazara, wanda ta ce ya fi abin da muke zato nesa ba kusa ba, sannan ta ja layi da jan fenti a jikin ƙarfen, sama da kan Tsohuwa da kamar kamu biyu. Ta ce in ana so famfo ya kai mu damina, ran da wannan jan layi ya bayyana, ran nan ya kamata a kulle ƙofa. Ba a jira Tsohuwa ba. In aka jira ta, an makara.

Arɗo Armiya'u ya riga ya ba da tasa amsar. Ya ce in aka gina musu wurin shayarwa a ƙasan bango, shanunsu ba za su ƙara sa ƙafa a cikin dam ba, kuma an fara ginin. Matan gari sun zaɓi Hajiya Kulsumu, makiyaya sun ba da mutum guda, muna jiran manoma su ba da nasu. Su ukun za su riƙa zuwa tare kowace Juma'a da safe su duba ƙarfen, su ɗauki hotonsa a waya a tura wa Injiniya da kowa, liman kuma ya faɗa bayan salla, yadda mai jarka da mai garke da mai lambu za su san abin da ya rage a lokaci guda, kada wani ya ji daga bakin wani. Bara jita-jita ce ta kusa raba mu, bana kowa zai gani da idonsa.

Yanzu na zo kan magana ta ƙarshe, wadda ita ce ta tara mu, kuma ita ce mai wuya.

Dam ya cika, kuma na lura cikar dam tana sa mantuwa. Na fara jin ana cewa a kasuwa ai bara ce ta zo da haka, bana ruwa ya yi yawa, a bar doka yadda take. Manoman rani kuma suna da hujja, ba zan tsaya nan in ce ba su da ita ba. In aka kulle ƙofa a jan layi, wanda ya yi dashen albasa a makare zai tsaya yana kallonta tana bushewa ana saura kaɗan ta yi kai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da kuɗin albasar nan ake sayen maganin yara, da shi ake ɗinka kayan salla. Kawu Sanda ya ga laka da idonsa, ya ji ta a ƙafarsa, amma har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na je gidansa na gaishe shi, na tambaye shi, ya ce mini shi ganin laka daban, kulle wa mutanensa ƙofa daban, ba zai sa makulli ya kashe amfanin talaka ba alhali injin mai kuɗi yana ta ruri a gefe yana jiƙa bulo. Na fito daga gidan raina a ɓace. Da na kwana biyu ina juya maganar, sai na ga dattijon nan bai faɗi abin da ba daidai ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ga kuma abin da na zo da shi.

Ina roƙon manoma su yi dashe da wuri bana, tun yanzu da ruwa yake a wadace, yadda albasa za ta yi kai kafin jan layi ya fito. Ina roƙon a bar wa bakin rafi 'yar tazara, a daina noma har cikin gaɓa, a mayar da itatuwa da ciyawar da ke riƙe ƙasa. Ina roƙon mai girma Hakimi ya sa a yi gayya da bazara, lokacin da gefunan dam za su bushe, kowane gari da ranarsa, daga ɓangaren Banga har na Birnin Tsaba, a zo da shebur da kwando da jaki da amalanke a kwashe lakar nan. Kuma ba zubarwa za a yi ba. Ƙasarmu ce ta gudo, gona za a mayar da ita, wanda ya haƙa shi ke da abin da ya haƙa. Tifata tana nan, da direba da mai, za ta kai wa wanda gonarsa ke nesa. Injiniya ta yi mana alkawari cewa kowace shekara za ta dawo da gorarta ta sake aunawa, duk zurfin da muka ƙara, za ta sauko da jan layin gwargwadonsa. Wato jan layin nan ba na har abada ba ne. In muka dage, shekara za ta zo da zai sauko daidai kan Tsohuwa, mu mayar mata da aikinta, 'ya'yanmu su ci gaba da tambayar juna a kasuwa ko ta leƙo. Ni ina sa ran ganin wannan rana da idona, kuma ina sa ran Kawu zai sake nutso a wurin, kunnuwansa su yi zafi.

Abin da na zo da shi kuma ga shi a hannuna. Wannan makullin ɗakin injin da ke ja wa gidan bulona ruwa ne. Tun da na gina wurin nan ban taɓa ba kowa shi ba, ko ɗan cikina. Ranka ya daɗe, ina ajiye shi a gabanka, ina roƙon a ɗaure shi a igiya ɗaya da makullin ƙofar dam, a hannun Sarkin Noman Rani. Ran da jan layi ya fito, ya fara kulle nawa kafin ya kulle na manoma. Daga ranar ba za a ƙara buga bulo ko guda da ruwan dam ba sai damina ta sauka, tankokina kuma ruwan sha kaɗai za su ɗauka. Na san abin da hakan zai jawo mini, domin bazara ita ce kasuwar mai bulo. Amma na fara da garwa biyu, ban mutu ba, wata biyu ko uku babu bulo ba zai kashe ni ba.

Kawu, ka ce ba za ka kulle wa talaka ka bar mai inji ba. To ga mai injin ya kawo kansa. Manoman nan ba maganata za su ji ba, ba kuma ta Injiniya ba, taka za su ji, domin kai ne ka riƙe musu makulli tun wasunsu suna goye. Kai kaɗai ne a cikinmu ka san zurfin wurin nan na da, kai kaɗai ne kuma ka auna na yanzu da jikinka. In ka bar makullin nan a kan tebur, zan ɗauki abina in koma, mu jira Tsohuwa kamar bara, matanmu su gyara ƙoƙunansu. In ka ɗauka, mun gama magana.

Jama'a, a ba shi hanya. A hankali, Kawu, akwai wayar lasifika a gabanka.

Ya ɗauka. Ku shaida, ya ɗauka, ga shi yana ɗaurewa da hannunsa. Me ka ce, Kawu? Ya ce in faɗa muku, ran gayya shi zai fara sa shebur, kuma duk wanda ya tono takalmi ƙafar hagu ya san mai shi.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Allah ya sa albarka a ruwanmu, ya sa ya ishe mu, mu da baƙinmu da dabbobinmu, daga wannan kaka har saukar damina. Allah ya sa albasar manomanmu ta yi kai tun kafin jan layi ya nuna fuska. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Ƙaura da Zurmi da Shinkafi da Zamfara baki ɗaya, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu cikin aminci. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka tare wannan rafi suka bar mana, ya ba mu ikon barin wa na bayanmu shi da zurfinsa. Allah ya ja zamanin mai girma Hakimi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.